Hotunan mahaifiyarmu na cikin sabar da ta mutu, Yaya ta daina ɗaga wayata

Assalamu alaikum, Malam. Ni magidanci ne, malamin makaranta a cikin garin Katsina, ina zaune da iyalina a wani sashe na gidan mahaifinmu. Shekara biyu da suka wuce na koyi haɗa sabar gida, wato kwamfutar da ke ajiye wa 'yan gida fayilolinsu, ta hanyar kallon bidiyo a intanet. Na ɗauko wata tsohuwar kwamfutar tebur na sa mata Ubuntu (tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta a madadin Windows) da manhajar ajiyar fayiloli ta Nextcloud, da faifan ajiya guda ɗaya mai cin tera 2, na buɗe wa kowa a gida asusu don ya riƙa juye hotunansa ya samu fili a waya. Yayata da ke aure a Daura ta zo Sallah wayarta a cike, na juye mata komai na ce ta goge, ai nan ba abin da zai taɓa su. A ciki har da hotunan mahaifiyarmu da ta rasu bara, da bidiyon tafiyarta aikin Hajji, da saƙonnin muryar da take turo mata.

Mako biyu ke nan aka yi ruwa da tsawa, wuta ta dawo da ƙarfi, kwamfutar ta mutu ba ta sake tashi ba. Na cire faifan na kai wa wani mai gyara, ya jona a kwamfutarsa ya ce ba ya buɗewa, sai dai a yi masa fomatin. Ban yarda ba, na dawo da abina. Ba ni da wani kwafi a ko'ina. Na ce wa Yaya ana gyara. Da ta ji ina ta kame-kame sai ta daina ɗaga wayata. Baba kuma dama ya daɗe yana cewa wannan abin ne ke shanye batiran sola har fankarsa ta tsaya kafin asuba (batir biyu ne masu 200Ah), yanzu ya ce kada ya sake ganin na'urar a gidansa. Matar babban yayanmu ma ta taɓa tambayar matata ko ina iya ganin hotunansu, na ce a ce mata ba na iyawa, alhali ina iyawa, ko da yake ban taɓa buɗewa ba. Barci ya gagare ni. In faɗa wa Yaya gaskiya? Akwai sauran fata? Ko in haƙura da harkar nan gaba ɗaya?

Wani mai karatu daga Katsina

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya haskaka kabarinta, Ya ba ku haƙurin rashinta. Na karanta wasiƙarka a natse, kuma ina son ka fara sanin cewa ka yi daidai da ka hana a yi wa faifan nan fomatin. Da ka ce "to" a shagon nan, da maganarmu ta yau daban ce. Ka sa shi cikin kwali a wuri busasshe, kada ka ƙara jona shi a komai sai ka gama shirin da zan faɗa maka.

Ban fid da rai da shi ba, ga kuma dalilina. Idan wuta ta dawo da ƙarfi, abin da ta fi fara ƙonawa a kwamfutar tebur shi ne akwatin da ke raba wuta a cikinta, ko babban allonta, kuma sau da yawa faifan ajiya yana tsira. Sannan ka ce Ubuntu ka sa. Ubuntu tana tsara faifai da tsarin da ake kira ext4, Windows kuwa ba ta karanta shi. In aka jona mata irin wannan faifan, ko dai ta yi shiru kamar ba a jona komai ba, ko ta fito da saƙon cewa sai an yi fomatin. Akasarin masu gyaranmu da Windows suke aiki, saboda haka mutumin abin da allonsa ya nuna masa ya faɗa maka, kuma wannan saƙon bai isa hujjar cewa faifan ya mutu ba. Akwai kuma wani abin da ke ruɗar mutane: babban faifan kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana bukatar wuta mai bolt 12, kafar USB kuma bolt 5 take bayarwa. Duk mahaɗin jona faifai ta USB da ba shi da tasa cajar ta bango ba zai juya shi ba.

To ka nemo mahaɗi mai caja, da filashi da ka ɗora wa Ubuntu don ka tayar da laftof da shi, da sabon faifai wanda bai gaza tera 2 ba. Sai komai ya haɗu za ka ba tsohon wuta, ka kuma kara kunnenka kusa da shi. Idan ka ji ya tashi yana juyawa sumul, da ɗan gunji mai laushi, alama ce mai kyau. Idan ya yi tsit, ko motsi babu, galibi ƙaramin allon da ke manne a cikinsa ne ya ƙone, bayanan kuma suna nan. Amma kada ka bari a ce za a ciro allon wani faifai irinsa a ɗaura kawai, domin akwai ɗan guntun cif a jikin allon mai ɗauke da saitin wannan faifan shi kaɗai, sai an ɗauke shi an mayar kan sabon allon, kuma aikin ƙwararre ne. Idan kuwa ka ji ƙas, ƙas, ƙas yana maimaitawa, zare wuta nan take. Allurar da ke karatu ce ta samu matsala, kuma duk daƙiƙar da ya ƙara yana juyawa tana iya kankare inda hotunan suke. Kada ka kwance shi, kada ka sa shi a firiji kamar yadda wasu ke cewa. Wannan sai masu ɗaki na musamman da ƙura ba ta shiga, irin waɗanda ake samu a manyan birane kamar Legas. Kuɗin aikinsu ya ninka kuɗin sabon faifai, don haka a tambayi farashi tun kafin a aika, 'yan'uwa su haɗa hannu.

Mu ƙaddara ya tashi lafiya. Na san zuciyarka za ta ce ka buɗe foldar Yaya ka fara jawo hotuna. Ka daure. Faifan da ya sha wuya yana iya ba ka 'yan sa'o'i kaɗan ne kafin ya ƙarasa, kuma kwafi irin na yau da kullum idan ya tarar da wurin da ya lalace sai ya tsaya yana ta dukan wurin. Akwai manhaja ta kyauta mai suna ddrescue da aka yi domin irin wannan rana. Tana fara kwashe duk wuraren da ke da lafiya zuwa sabon faifai, ta tsallake masu ciwo sai daga baya ta dawo kansu, kuma tana rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, ta yadda ko an ɗauke wuta za ta ɗora daga nan. Ka kula ƙwarai da jerin sunayen faya-fayan biyu a umarnin: wanda ake kwasa daga gare shi ake fara rubutawa, sannan wanda ake zubawa. In ka juya su, ka shafe komai da hannunka. Ka duba da umarnin lsblk, mai jero sunayen faya-fayan da ke jone, ka gwada lambar da ke jikin kowane faifai da idonka, kafin ka danna. Aikin tera 2 na iya cinye yini guda ko fiye, don haka ka fara da safe lokacin da sola ke da ƙarfi, ka sa wa faifan fanka.

Idan an gama, mayar da tsohon cikin kwalinsa, duk sauran bincike a kan sabon za a yi. In dai ba ka kunna ɓoye bayanai a Nextcloud ba, fayilolin kowa suna nan a fili cikin foldar data, ƙarƙashin sunan asusunsa. Idan foldojin sun hargitse, akwai TestDisk da PhotoRec, su ma kyauta ne. PhotoRec tana tono hotuna da bidiyo da sauti ko da tsarin faifan ya rushe, sai dai za su fito ba sunayensu na asali, dubbai a cakuɗe. Saƙonnin murya na WhatsApp suna ƙarewa da .opus, a nan kuma suna iya fitowa da .ogg, kada ka ɗauka shara ce ka goge. In ka ga hannunka zai yi rawa, nemi wanda ya san Linux sosai, amma ka zauna tare da shi har a gama. Hotunan matan gidanku ne a ciki, ba abin da za a bari ya kwana a shago ba ne.

Yanzu maganar Yaya, wadda ita ce ta fi mini nauyi. E, ka faɗa mata gaskiya, kuma kada ka jira sakamakon faifan. Na gane lissafinka: kana fatan ka ceto hotunan tukuna, ka kira ta da albishir, kamar ba a yi komai ba. Amma ka tsaya a inda take tsaye. Mace ce da ta rasa mahaifiya, abin da ya rage mata da take kunnawa ta ji an kira sunanta shi ne waɗannan saƙonnin, ta danƙa wa ƙaninta su bisa maganarsa, yanzu kuma tana tambaya ana yi mata kwana-kwana. Ta riga ta fahimci akwai matsala. Ina kyautata zaton shirun nan nata tsoron jin labarin ne, haɗe da ciwon cewa ka ɗauke ta wadda za a lallaɓa da "ana gyara". Kowace rana da ka ƙara, na biyun ne ke girma, shi ne kuma ya fi wuyar warkewa.

Daura ba nisa. Ka shiga mota ranar da ba ka da makaranta, ka sanar da mijinta kana tafe, ka je ka durƙusa ka gaishe ta yadda ka saba. Maganar ba ta da tsawo: "Yaya, na ce miki ba abin da zai taɓa su, alhali wuri ɗaya na ajiye su. Na kuma ce miki ana gyara don na kasa fuskantarki. Ki yafe mini. Faifan yana hannuna, akwai fata amma ba tabbas, ga abin da zan yi." Shi ke nan. Kada ka shiga yi mata bayanin tsawa da bolt, kuma kada kai ka fara cewa ƙaddara ce. Ƙaddara ce, babu shakka, amma ka bar wannan kalmar ta fito daga bakinta idan zuciyarta ta sauka. In ta yi kuka ko ta yi faɗa, ka saurara. In ta ƙi ganinka, ka bi ta hannun wata gwaggo ko inna da take jin nauyinta. Malaman fiƙihu sun ce wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, kuma niyyarka ta alheri ce tun farko. Sai dai ba zan ɓoye maka ba, cewa mutum ya goge nasa alhali kwafi ɗaya ne a hannunka ganganci ne, ko da rashin sani ya jawo shi. Ka ɗauki wannan kason naka, kada ka ƙara wa kanka wanda ba naka ba.

Kuma tun kafin faifan ya yi magana, akwai inda za ku fara tattarowa. Ina wayar Hajiya? Saƙon murya yana zama a wayar wanda ya aika kamar yadda yake zama a ta wanda ya karɓa. WhatsApp yakan rufe asusun da ya yi kwana 120 ba a taɓa shi ba, amma abin da ke cikin wayar yana nan matuƙar ba a cire manhajar ko an wanke wayar ba. In tana cikin akwatinta ko a hannun wata jika, a karɓo ta yau, a shiga ma'ajiyar wayar a nemi foldar WhatsApp Voice Notes a kwafe. Yaya kuma ta shiga Google Photos da asusunta, domin mutane da yawa wayarsu na tura hotuna can ba su sani ba, kuma gogewa daga waya ba kullum take shafe na can ba. Sai zauren WhatsApp na dangi, da matan da suka yi aikin Hajji tare da Hajiya, da ƙawayenta na Islamiyya, da masu hoton da suka ɗauki bukukuwan aure da suna na gidanku, waɗanda wasunsu kan ajiye aikinsu shekaru. Ka roƙi Yaya ta jagoranci wannan neman, ita ta san mutanen Hajiya fiye da kai, kuma yin wani abu da hannunta zai rage mata zafi.

Baba kuwa yana da gaskiya, lissafi ma yana bayansa. Batir mai bolt 12 da 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, biyu 4,800 ke nan. Irin batiran ruwa da akasarin gidajenmu ke amfani da su ba a son a sauke su ƙasa da rabi in ana son su yi ƙarko, don haka abin da kuke da shi na dare bai wuce 2,400 ba, shi ma in batiran sababbi ne. Tsohuwar kwamfutar tebur, ko ba ta aikin komai, tana iya jan wat 60 zuwa 100. Mu ɗauki 80. A sa'a 10 na dare ta sha 800, in ka haɗa da abin da inbata ke ɓatarwa wajen juya wuta ya kai 900. Fiye da kashi ɗaya bisa uku na wutar daren gidan ke nan, kamar an kunna ƙarin fankar sama a ɗakin da ba kowa. A wata kuma, in tana kunne dare da rana, kusan yunit 58 ne, wanda a farashin naira 225 da aka sa wa masu wutar gwamnati 'yan rukunin A (Band A) a watan Afrilun 2024 ya haura naira 13,000. Dattijo ya farka cikin zufa a zafin Afrilu da Mayu na Katsina, ya yi magana ba sau ɗaya ba, ba a ji ba. Ka je ka ba shi haƙuri a kan wannan shi ma, kuma kada ka mayar da na'urar a ɓoye. Gidansa ne. Ka bari ƙura ta lafa, sannan ka koma masa da takarda da lissafi. In ya ce a'a, magana ta ƙare har sai ka samu naka wurin ko naka batirin.

Maganar matar yayanku ma ba ƙarama ba ce, kuma ita ce ta fi sauƙin gyarawa. Duk wanda ke riƙe da mabuɗin saba yana iya ganin abin da ke cikinta, kalmar sirrin asusu ba ta hana shi. Ka samu yayanku ka ce masa amsar da ka aika wa iyalinsa ba daidai ba ce: kana iya gani, ba ka taɓa dubawa ba, kuma da an ceto faifan za ka miƙa musu foldarsu a filashi ka goge ta wurinka, in haka suka zaɓa. Mace tana da haƙƙin sanin inda hotonta na cikin ɗaki yake kwana. Wanda ya so ya ci gaba da ajiya a wurinka nan gaba, akwai manhajar Cryptomator da ke kulle fayil tun daga wayar mai shi kafin ya iso sabar, kai sai dai ka ga harufa a cakuɗe. Amma a gaya masa in ya manta kalmar sirrinsa, ba mai iya buɗe masa.

Ka tambaya ko ka haƙura. Ra'ayina shi ne kada ka watsar da abin da ka koya, amma ka rage girman alƙawarin da kake ɗauka. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Ka fara da ware abin da in ya ɓace ba a sake samunsa. Fina-finai da karatun tafsiri da aka sauke daga intanet ana sake saukewa. Muryar Hajiya, hotunan iyali, hoton takardun fili da na makaranta, su ne dukiyar, kuma za ka yi mamakin ƙanƙantarsu in ka tara su. Waɗannan ko saba babu za a iya tsare su: faifan waje guda biyu, da gigabait 15 da Google ke ba kowane asusu kyauta, da wanke hotuna masu muhimmanci a takarda a sa a albam. In ka duba rayuwarka ka ga ba za ka iya ware wa saba yammaci ɗaya a kowane wata ba, wannan hanyar ta ishe ku, kuma ba gazawa ba ce.

In kuma za ka sake ginawa, da izinin Baba, to ka rabu da babbar kwamfutar. Ƙananan kwamfutocin ofis waɗanda aka taɓa amfani da su, irin su Lenovo ThinkCentre Tiny ko Dell OptiPlex Micro ko HP EliteDesk Mini, in suna zaune ba aiki wajen wat 10 suke ja, wato yunit 7 da ɗoriya a wata. Tsohuwar laftof ma tana yi, ga batirinta da zai riƙe ta in an ɗauke wuta, sai dai ka riƙa dubawa kada zafi ya kumbura shi. Sannan wa ya ce dole ta kwana a kunne? Ba kasuwa kake yi da ita ba. Ka saita ta ta kashe kanta bayan Magariba, agogon da ke cikin BIOS, wato saitin babban allon kwamfutar, ya tashe ta da hantsi, wayoyi su tura hotunansu da rana lokacin da sola ke zubar da wuta. Da wannan kaɗai batiran Baba sun huta.

Abin da ya kai ka ƙasa shi ne kwafi ɗaya. Masu wannan sana'a suna da ƙa'idar 3-2-1: kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wajen gida. Kamfanin ajiyar bayanai na Backblaze a Amurka, da ke wallafa alƙaluman dubun dubatar faya-fayansa, yana ganin tsakanin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 suna mutuwa kowace shekara, a ɗakuna masu sanyi da wutar da ba ta yankewa. Naka a Katsina yake. Kwafi na biyu ya zama faifan waje da kake jonawa ranar Juma'a, manhaja irin restic ko Borg ta yi aikinta, ka zare shi daga kwamfuta da bango ka sa a durowa, domin duk abin da ke jone tsawa ɗaya ce za ta haɗa su. Haɗa faifai biyu su riƙa kwaikwayon juna, abin da ake kira RAID, ba ya maye gurbin wannan: in ka goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya tafi. Kwafi na uku ka kai shi Daura, a hannun Yaya. Ka tsara wannan faifan da exFAT, kayan Hajiya a foldoji a fili, yadda kowace kwamfuta za ta buɗe shi ba sai an nemo ka ba, ka riƙa sabunta shi duk lokacin da zumunci ya kai ka. Kuma sau ɗaya a wata ka zaɓi hoto guda ka gwada dawo da shi daga kwafin, ka buɗe ka gani. Doka a gida: ba mai goge komai daga wayarsa sai ka nuna masa abin a wuri biyu.

Ta fuskar wuta, ka sa na'urar kariya mai jinkirta shigowar wuta, irin wadda ake sa wa firiji, da ƙaramin UPS (akwatin batir mai riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta) mai igiyar USB, wanda manhajar NUT za ta riƙa saurare ta kashe sabar cikin tsari kafin batirinsa ya ƙare. Amma da damina, in hadari ya haɗo gabas ta yi baƙi, ba kariyar da ta kai ka tashi ka zare filogi da igiyar rauta. Ka ɗaga na'urar daga ƙasa, kada ka rufe ta a kabad, ka nisanta ta daga bangon da rana ke duka da yamma. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ka buɗe ka hure ta duk wata, kana riƙe da fankar da yatsa kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Umarnin smartctl zai nuna maka lafiyar faifai. Ka sa ido a layukan da ke da lamba 5 da 197 da 198 a sakamakonsa, in suka tashi daga sifili suna hawa, sayi wani tun yana numfashi. Layi mai lamba 9 yana faɗin sa'o'in da faifai ya yi yana aiki, ka duba shi kafin ka biya kuɗin na hannu.

Kada ka buɗe wa sabar ƙofa kai tsaye zuwa intanet don Yaya ta shiga daga Daura. A watan Yunin 2021 an wayi gari an shafe na'urorin ajiya na WD My Book Live na mutane da yawa daga nesa, na'urorin da aka daina yi wa sabuntawa tun 2015. A Janairun 2022 kuma masu garkuwa da bayanai na DeadBolt suka kulle na'urorin QNAP da ke buɗe ga intanet suna neman fansa. Yi amfani da Tailscale ko WireGuard, waɗanda ke haɗa wayoyin 'yan gida da sabar ta keɓaɓɓiyar hanya. Tailscale ma ya fi dacewa da mu, tunda layukan waya galibi suna haɗa masu amfani da yawa a adireshi ɗaya, buɗe ƙofar ba ya ma yiwuwa. Ka tsaya kan Ubuntu mai alamar LTS, wadda ake tallafa wa shekara 5, ka kunna sabuntawar tsaro ta atomatik. Nextcloud kuma ba a tsallake babbar siga, ɗaya bayan ɗaya ake hawa, kuma sai an yi kwafi tukuna.

Abu na ƙarshe da masu saba ke mantawa: kai kaɗai ka san yadda ake buɗe ta. Dukanmu masu tafiya ne, ciwo ma yana kwantar da mutum. Ka rubuta a takarda da biro inda kowane faifai yake, da kalmomin sirri, da matakan dawo da hotuna cikin Hausa mai sauƙi, ka sa a ambulan ka ba babban yayanku ko Baba ya haɗa da takardun gida.

Idan ka ba faifan wuta, ka sake rubuto mini: wane sauti ya yi, sunan kamfaninsa da lambar samfurin da ke jikin takardarsa, da abin da ddrescue ta nuna ta kwaso da abin da ta kasa. Da su zan iya gaya maka ko ka ci gaba da kanka ko lokacin aika shi wurin ƙwararru ya yi. Ka gaishe mini da Baba, Allah Ya daidaita tsakaninka da Yaya.